Warƙa Uku da Guguwa Ta Ɗauke

Duk lokacin da aka gayyace ni in yi wa 'yan lekol, wato 'yan makarantar boko, magana a kan karatu, sai an sami wanda zai miƙe ya tambaye ni wa ya sa mini son littafi. Suna jiran in ambaci wani babban malami. Ni kuwa sai in ce musu rashin ruwan Damagaram ne. Su yi ta dariya, suna zaton raha nake yi, alhali gaskiya ce tsagwaronta.

Wanda ya tashi a unguwar Birni ta Damagaram a zamaninmu ya san layin pampo. Ki kai garwarki tun da hantsi, ki ajiye ta bayan ta wata, ki nemi inuwar katanga ki zauna. Pampon ya yi tari, ya ɗigo abin da ya ga dama, ya ɗauke. Sauran 'yan mata suna carafke, ko tsifar kai, ko faɗa. Ni ban iya carafke ba, a faɗa kuma bakina ya fi ƙarfina, na tsokano rigima a kayar da ni a yashi. Da na ga ba riba sai na koma karatu, na kuwa same shi ba ya ramawa.

A gidanmu babu littafin boko ko ɗaya, in ban da wanda ake ba mu a aji. Amma mushenmu, wato malaminmu na aji biyar, yana da wani akwatin ƙarfe shuɗi a bayan teburinsa, da kwaɗo, makullin a wuyansa kamar laya. Dogon mutum ne siriri, ba ya dariya sai da dalili, dalilin kuma ba ya yawan samuwa. Kowace Asabar kafin a tashi yakan buɗe akwatin, kowa ya ɗauki littafi ɗaya, ya dawo da shi Asabar mai zuwa. Dokarsa guda ce, da hannunsa ya rubuta ta a cikin murfin: wanda ya lalata littafi, shi da akwati har abada. Mun ga an zartar da ita a kan wata 'yar ajinmu da akuyarsu ta cinye mata rabin bango. Uwarta ta zo ba da haƙuri, kakarta ta zo da sanda tana dogarawa, mushe ya gaishe su da ladabi, bai motsa ba. Yarinyar ta yi kukan kwana ɗaya ta manta. Ni da ba abin ya shafa ba, na fi ta shiga damuwa, don na san in aka raba ni da akwatin nan ban san me zan yi da ranakuna ba.

Ba zan ce littattafan nan sun gyara mini hali ba. Sun sa na ƙona tuwo, na zuba gishiri sau biyu a miya, na wuce ƙofar gidanmu ina tafe ina karatu har sai da na yi karo da jakin mai itace. Inna, mahaifiyata, mutuniyar Dakusa ce, ta tashi a gidan da ba a zama hannu sake. Takan tsaya ta dube ni ta ce, “Wannan ba karatu ba ne, iska ne ya shige ki.” In ta aike ni sayen ƙosai, sai na karance takardar da aka naɗe shi kafin in miƙa mata, ya iso da sanyi.

Baba kuwa baduku ne. A zauren gidanmu yake aiki, a kan buzu, da wuƙaƙensa da basilla da fatu ja da baƙi a rataye. Ba ya yin takalmi, ba ya yin linzami. Aikinsa littattafan malamai ne: ya yi musu tadarishi, wato bangon fatar nan mai tauri da ake naɗe warƙoƙi a ciki a ɗaure da igiya, ya kuma yi gafakar da za a rataya. A wurinsa littafi abu ne da ake yi wa alwala, a buɗe shi ta dama, a ɗaga warƙa ɗaya bayan ɗaya. Nawa na boko bai taɓa hana ni su ba, bai kuma taɓa tambayata me ke ciki ba. In na wuce da ɗaya a hammata, kallonsa yake yi kamar yadda ake kallon kazar maƙwabta da ta shigo tsakar gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, amma hirarmu ba ta wuce gaisuwa da aike.

A bazarar shekarar na ɗauko wani littafin Faransanci mai bangon kwali wanda ya sha hannu. Labarin wani mai kai wasiƙu ne a wata ƙasa ta duwatsu, shi da jakinsa. An ba shi wasiƙa ya kai wa wata tsohuwa can ƙolin dutse, wadda ta yi shekaru ba ta ji ɗuriyar ɗanta ba. Suna cikin hawa ƙanƙara ta sauko ta rufe hanya. Na fara shi ranar Asabar da yamma, ranar Lahadi na tafi da shi layin pampo. Ina zaune a rana mai narka kitse, amma wallahi sanyi nake ji a yatsuna. Na kai inda jakin ya durƙusa ya ƙi tashi, mutumin ya cire bargonsa ya rufa masa, saura 'yan warƙoƙi in gama, sai aka ce layi ya zo kaina.

Na tura garwa ƙarƙashin pampo da ƙafa, ban ɗaga kai ba. Ta cika ban sani ba. Ta bayana ta ture ni da kafaɗa ta ce in ba ruwa na zo ɗiba ba in ba mutane wuri. Na juya zan ba ta amsar da ta dace da ita, littafin ya suɓuce. A garin da ake tattalin ruwan alwala, ni na sami wanda ya isa ya nutsar da littafi.

Na tsamo shi yana ɗiga. Kafin in isa gida mannen da ke riƙe da bayansa ya narke, bangon ya rabu, warƙoƙin suna zamewa a hannuna. Ban gaya wa kowa ba. Na hau soro na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, na danne kowace da tsakuwa, na zauna ina gadi. Rana ta yi mini aikinta, har na fara tunanin ko zan sami ƙaro in manne shi mushe bai gane ba. Sai Inna ta ƙwala mini kira in zo in tankaɗe gari. Ina cikin tankaɗe na ji kaji sun watse. Guguwa ce ta ratso unguwa, irin 'yar ƙaramar nan ta tsakar rana, ta bi ta kan soronmu ta yi gaba abinta.

Na fita ba ko kallabi. Abin da ya cece ni shi ne a Birni ba a barin takarda mai rubutu a ƙasa. Duk wanda ya gani sai ya ɗauka ya ɗaga ta, ko ya iya karantawa ko bai iya ba, don gudun kada sunan Allah yana ciki a taka. Na tsinci warƙa biyu a soke cikin tsagar katangar masallaci. Wani tsoho ya zaro ɗaya daga hularsa ya miƙo mini. Mai kokon unguwarmu ta adana huɗu ƙarƙashin faifai. Kafin la'asar na bi lungu-lungu na tattaro su, na hau soro na jera bisa lamba. Duk sun dawo sai uku na ƙarshe, waɗanda ban ma karanta ba.

Washegari na je lekol na dawo kamar marar lafiya. Na zauna a bayan zaure da tarin takardun a cinya, sun kumbura sun yi lanƙwashe, ina kuka irin marar sauti. A nan Baba ya same ni.

“Uwata, wa ya mutu?”

Na gaya masa komai, har dokar akwati. Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya goge hannunsa a riga, ya karɓi takardun da hannu biyu, yadda yake karɓar na malamai. Wannan ne karo na farko da na ga ya taɓa littafin boko. Ya juya su ya duba bayansu inda mannen ya bushe ya yi ɓawo, ya yi tsaki.

“Wa ya ce musu ana manne littafi kamar ƙwaryar da ta fashe? Ai dole ya lalace. Yaushe za ki mayar?”

“Ran Asabar, Baba.”

“Shigo ciki.”

Ban taɓa zama a zauren nan ba sai dai wucewa. Ya nuna mini gefen buzu. Ya ɗauki wuƙarsa mai kaifi ya daidaita tarin, ya yanke bayan nan mai ɓawo fit, ya zubar. Gabana ya faɗi, don a idona ya ƙarasa abin da ruwa ya fara. Shi kuwa ya ɗaga warƙa ɗaya ya duba ta a haske, ransa fes, ya ce yanzu ya fara kama da littafi. Ya yayyafa musu ɗan ruwa da yatsa, ya sa su tsakanin alluna biyu, ya ɗora dutsen da yake danne fata.

Ran Talata da na dawo daga lekol sun miƙe sumul. Ya ce in zo mu jera. Ya duba gindin warƙa ya tambaye ni ina kalmar da ake rubutawa a ƙasa don a san wadda ke bi mata, kamar yadda masu rubutun hannu ke yi. Na nuna masa lambobin. Ya jinjina kai ya ce, “Nasara bai rasa wayo ba, tarbiyyar littafi ce dai ba shi da ita.” Ina jerawa yana yankan jar fata. Can, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Me ma yake faɗa?”

Na fara ba shi labarin da Hausa, ina bin warƙoƙin. Na zaci zai gaji, ashe ni zan gaji. Da na ce mutumin yana da jakar fata ta wasiƙu, sai ya tsayar da ni ya ce fatar me. Na ce littafin bai faɗa ba. Ya ce to marubucin bai san aikinsa ba, a ƙasar da ake jiƙewa haka sai ta saniya. Da na ce ƙanƙara ta kai gwiwa, ya ce waɗannan ba su da gona ke nan, Allah ya kyauta. Tsohuwar ba ta dame shi sosai ba, mai wasiƙun ma haka. Jakin ne ya shiga ransa. Duk inda aka ɗora masa kaya sai ya ce an yi masa yawa. Muka ci Talata da Laraba a haka, Inna tana leƙowa tana cewa iskan ya kama mutum biyu.

Ran Alhamis muka kai inda jakin ya durƙusa aka rufa masa bargo. Na ajiye warƙar.

“Sai me?”

“Nan ne guguwa ta ɗauke, Baba. Uku ne babu.”

Ya ajiye basilla. “Ba a mayar wa mai littafi littafinsa da giɓi.” Ya tashi ya buɗe wata tsohuwar gafaka, ya zaro farar takarda mai kauri irin wadda malamai ke saye don rubutu, ya auna ya yanke uku daidai da sauran. Ya feƙe alƙalamin kara, ya turo mini kurtun tawada.

“Rubuta.”

“Me zan rubuta?”

“Abin da ya ɓace. Ba kin karanta ba?”

Sai daga baya na fahimci abin da ya sa ya faɗi haka kamar ba komai ba. Duk wanda ya taɓa kawo masa littafi, abin da ke cikin littafin yana ƙirjinsa. Sau nawa malami ya zo da warƙar da gara ta ci, ya zauna a kan buzun nan ya rubuta sabuwa da ka, a sa ta a gurbinta. A sanin Baba, karanta littafi da haddace shi abu ɗaya ne. Ta yaya zan ce masa mu muna karantawa ne mu wuce, kuma wannan ƙarshen ko ganinsa ban yi ba? Mutumin da ya kwana uku yana yi mini aiki, ya bar na malamai a gefe, karo na farko a rayuwata yana jiran abin da zai fito daga bakina. Na dube shi na ce, “Na karanta.”

Haka na zauna da alƙalamin kara ina rubuta Faransanci, abin da ban ji wani ya taɓa yi ba kafin ni. Alƙalamin yana son tafiya daga dama, ni ina jansa daga hagu, tawada tana ɗiga. Na tauna bakinsa, na kalli azara, na kalli ƙofa. Sannan na ce tunda abin ya zo hannuna, ba wanda zai mutu. Na fito da rana. Na sa jakin ya shaƙi ƙamshin hayaƙi ya miƙe, ya ja ubangidansa har ƙofar tsohuwa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura. Ban san sunan fura da Faransanci ba, sai na rubuta ta yadda take. Wasiƙar ta ce ɗanta yana nan tafe da Sallah. Jakin kuma aka zuba masa harawa har sai da ya bari don kansa. Na cika warƙa ukun gaba da baya.

Baba ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce, “Madalla. Ai ya sha wuya, bawan Allah.” Ya barbaɗa wa rubutun yashi, ya haɗa da sauran.

Ran Juma'a kafin ya tafi masallaci ya gama tadarishin. Jar fata ce, ya buga mata ado a gefe, da doguwar igiya mai ƙwayar wuri a bakinta. Ta dama yake buɗewa. Na ga haka, na buɗe baki na rufe.

Ran Asabar kowa ya ajiye littafinsa a teburin mushe, ni na ajiye nawa a ƙarshe. Aji ya ɗauki dariya, wata ta ce na yi kuskure na ɗauko na kakana. Mushe ya ɗaga ido, aka yi tsit. Ya warware igiyar, ya nemi buɗewa ta hagu ya ƙi, ya juya shi. Ya ɗaga warƙa ta farko ya ga ta taso ita kaɗai a hannunsa. Ya ce in faɗi abin da ya faru, na faɗa, tun daga garwa har guguwa. Ya bi warƙoƙin yana duba lambobi har ya iso ga farare ukun nan. Ya ɗauke su ya tafi bakin taga ya juya mana baya. Na ga kafaɗunsa suna motsi, na ce shi ke nan, fushi ne ya kai shi rawar jiki.

Da ya juyo fuskarsa a ɗaure take, sai dai idanunsa sun yi ruwa.

“A ƙasar ƙanƙara suna shan fura?”

“In sun samu, mushe.”

Ya yi tari. Ya ɗauki jan alƙalaminsa ya kai kan rubutuna, ya tsaya, ya fasa. Ya jawo wata takarda daban ya jera mini kurakuraina, ya ce in kwafe kowanne sau goma. Ya tambaye ni wa ya yi bangon, na ce babana. Sannan ya nuna murfin akwati ya ce, “Kin iya karatu. Karanta.” Na karanta dokar da bakina. Kowa ya ɗauki littafi ya fita, ni na fita hannu sake.

Ban san yadda na isa gida ba. Na wuce Baba a zaure, ya dubi hannuna. Na kwanta a ɗakin Inna na juya wa ƙofa baya, na ƙi cin abinci. A raina na tsine wa pampo da guguwa da ta bayana a layi, na haɗa da mushe da dogon wuyansa.

Bayan la'asar na ji sallama a zaure da muryar da na sani. Na laɓe a bayan asabari. Mushe ne ya jingine kekensa, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Baba, da littattafai biyar a ɗaure da igiya, duk waɗanda bangonsu ya gaji. Ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba, yana so a yi wa waɗannan ma riga, in an gama ya kawo wasu.

“Sai dai don Allah, Baba, kada a yanka su. A bar su a manne yadda suke.”

Baba ya ce wannan ganganci ne, amma mai kaya shi ke da iko da kayansa. Ya jujjuya littattafan, sannan ya ce, “Ni kuma Malam ina da ƙa'ida. Ba na ɗinka wa abu riga ban san me ke cikinsa ba. Sai an karanta mini tukuna.”

Mushe ya ce, “Wa zai karanta maka?”

Baba ya ce, “Akwai wata a bayan asabarin nan.”

Mushe bai karya dokarsa ba. Har na bar lekol ɗin ban sake ɗaukar littafi daga akwatin nan ba. Akwatin ne ya riƙa zuwa gidanmu biyar-biyar a bayan keke. Baba kuwa bai taɓa jinkirin aiki irin na lokacin ba, bangon da yake gamawa a yini biyu sai ya kai mako, daidai lokacin da zan kai warƙar ƙarshe. Shekara biyu muka yi a kan buzun nan. Ya yi faɗa da sarakunan da bai taɓa jin sunansu ba, ya ba matuƙan jirgin ruwa shawara, ya ce wata budurwa a wani littafi ba ta da kunya amma tana da gaskiya. Sau ɗaya na tambayi mushe yadda labarin mai wasiƙu ya ƙare da gaske. Ya ce, “Ke kika jefa shi a ruwa, ke za ki nemo.” Ya mayar da jan littafin cikin akwati da warƙoƙina a ciki, 'yan bayanmu suka yi ta karanta shi, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Daga nan rayuwa ta bi hanyar da littafi ya share mata. Na zama malamar lekol, aka fara tura ni garin Takieta. Abin da na fara saye shi ne akwatin ƙarfe, na rubuta dokar mushe a murfinsa, na kuma karya ta sau ba adadi, don ni zuciyata ba ta kai tasa tauri ba. Mijina ya gane tun a makon farko cewa in ya ga na buɗe littafi, gara ya duba tukunya da kansa. Na yi ta rubuce-rubucena a ɓoye kafin in yi ƙarfin halin nuna wa mutane. Amma duk garin da na je, in na ga masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, sai na tsuguna na duba ko zan ga mai wasiƙu da jakinsa.

Na haura arba'in kafin in same shi, a Yamai, a ƙasan wani tari, bangonsa ya koɗe. Ban jira na koma masauki ba, a tsaye na buɗe ƙarshen. Jakin bai tashi ba. A nan ya mutu ƙarƙashin bargon. Mutumin ya ƙarasa hawa da ƙafa, ya tarar da gidan a kulle, ashe tsohuwar ta sauka kwari wurin 'yan'uwanta tun kafin sanyi. Ya tura wasiƙar ta ƙarƙashin ƙofa ya juya. Iyakar abin ke nan. Rubutun ya yi kyau, na yarda, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Amma haushin marubucin nan ya cika ni, kamar wanda ya karɓi amana ya ci.

Da hutu ya zo na tafi da shi Birni. Lokacin Baba ya tsufa, ido ya ƙi, ya daina ɗinki, amma kullum da hantsi sai an shimfiɗa masa buzunsa a zaure. In na zo nakan karanta masa duk abin da ke jakata. Ranar na zauna a gefen da ya nuna mini shekara talatin da suka wuce, na sa masa littafin a hannu. Ya shafa bayansa ya ce, “Wani mannannen ne kuma.”

“Baba, ka tuna mai wasiƙu da jakinsa? Shi ne na samo cikakke. Kuma akwai abin da na daɗe ina so in gaya maka. Warƙa ukun nan da na rubuta, ba na littafin ba ne. Ban kai ƙarshen ba ya faɗa ruwa. Ƙarya na yi maka, ni na ƙirƙira.”

Ya yi dariya har da tari. “Uwata, shekara nawa na yi masu hadda suna rubutu a gabana? Mai hadda leɓensa ke motsi, hannunsa ba ya tsayawa. Ke kuwa kin cinye mini rabin alƙalami kina ƙirga azara.”

“Ka sani ke nan? Me ya sa ba ka ce komai ba?”

“Da na miƙa miki takardar ban sani ba. Da na gane kuma kin riga kin fara, na ga aikin yana tafiya. Mu dukawa in fata ta yage ba ma zuwa neman akuyar da aka feɗe. Da abin da ke hannu ake faci.”

Na ji kunya, na ji daɗi, na rasa wanne ya fi yawa. Yana ta juya littafin a hannunsa, ya kai yatsa kan warƙoƙin ƙarshe ya tsaya.

“To a nasu, jakin ya tashi?”

Na yi niyyar sake yi masa ƙarya, na kasa.

“Bai tashi ba, Baba. Ya mutu a hanya.”

Ya janye yatsansa daga warƙoƙin. Sannan ya rufe littafin ya miƙo mini.

“A wanda na yi wa bango bai mutu ba.”

Damina biyu bayan haka Baba ya rasu, kuma har yau in na ji ƙamshin sabuwar fata sai kewarsa ta kama ni. Da mushe ya ji labarin rasuwar, ya aiko mini da jan littafin maimakon takardar ta'aziyya. Igiyar ta tsinke an ƙulla, ƙwayar wurin ta faɗi, gefen warƙoƙina ukun ya yi baƙi da yatsun yaran da ban sani ba. Na ajiye shi kusa da na Yamai a kan kanta ɗaya. In jikokina suka ce in karanta musu mai wasiƙu, jan nake saukowa da shi, in buɗe ta dama. Na Yamai ban sake buɗe shi ba.